Makin Jirgin Sama: Yadda Mai Tikitin Ikonomi Zai Zaɓi Shirin da Ya Dace da Shi

Mutum uku za su iya tashi daga filin jirgin sama na Malam Aminu Kano a jirgi ɗaya, su zauna a layi ɗaya, su yada zango a Addis Ababa, su wuce Guangzhou sarin kaya, su dawo tare. Tafiyar ta kai kimanin mil 14,000 zuwa da dawowa: wajen mil 2,000 daga Kano zuwa Addis, sai kusan 5,000 daga can zuwa kudancin Sin. Amma idan aka leƙa asusunsu bayan mako guda, ana iya tarar da an zuba wa na farko maki 14,000, na biyu 3,500, na uku kuwa ko ɗaya babu. Na farko tikitinsa mai tsada ne. Na biyu na rangwame ya saya. Na uku bai taɓa buɗe asusu ba, ko ya buɗe amma ejan da ya yankar masa tikiti bai sa lambarsa ba.

Wannan tsari na saka wa mai yawan tafiya da maki daga Amurka ya bazu. Kamfanin American Airlines ya buɗe shirinsa mai suna AAdvantage a ranar 1 ga Mayu, 1981, shekara uku bayan gwamnatin ƙasar ta sakar wa kamfanonin jirage mara su yi gasar farashi. Ba a jima ba United ya bi sahu. Lissafin mai sauƙi ne: kujerar da jirgi ya tashi da ita babu kowa a kai asara ce da ba ta dawowa, don haka ba da ita kyauta ga wanda ya saba hawa bai rage wa kamfani komai ba, ya kuma ɗaure fasinjan kada ya koma wani wuri.

Yau abin ya wuce nan, ya zama kasuwa mai zaman kanta. Lokacin annobar korona, da jirage suka kwanta a ƙasa, United ya jinginar da shirinsa na maki ya karɓi bashin dala biliyan 6.8 a 2020, Delta ya karɓi biliyan 9, American kuma biliyan 10 a 2021. Abin da ya sa masu ba da bashi suka yarda shi ne bankuna suna sayen maki daga kamfanonin nan da kuɗi masu yawa, su raba wa masu amfani da katin bashinsu. Ba'amurke yana iya tara makin da zai kai shi Turai ba tare da ya taka filin jirgi ba, cefane kawai yake yi da kati. Ɗan kasuwar Kantin Kwari ko ɗalibin da ke karatu a Alkahira ba shi da wannan hanya. Makinsa daga zama a kujerar jirgi yake fitowa, kuma kujerar ta baya ce. Shi ya sa yawancin shawarwarin da ke zuwa daga can ba su dace da shi ba.

Abin da ya kamata ya fara sani shi ne maki gyara ne, irin wadda mai awo ke ƙarawa bayan ya cika mudu. Ana karɓa da murna, amma ba a barin mai araha a tafi wurin mai tsada saboda ita. Masu bin diddigin harkar galibi suna kimanta maki ɗaya a kan santi ɗaya na dala ko sama da haka kaɗan. Ke nan maki 7,000 bai wuce dala 70 zuwa 100 ba. Wanda ya ƙara dala 200 a kan tikiti don kawai ya hau kamfanin da yake da asusu a cikinsa ya yi asara, ko da an zuba masa makin cif.

Hanya ce ke zaɓar shiri

Aikin farko da biro da takarda ake yin sa. Matafiyi ya rubuta duk inda ya je a jirgi cikin shekara biyu da suka wuce, da kamfanin da ya hau, sannan ya ƙara tafiye-tafiyen da ya tabbata zai yi a baɗi. Wuraren da yake mafarkin zuwa ba sa cikin lissafi. Daga wannan takarda zai ga kamfani ɗaya ko biyu suna maimaita kansu, sai ya duba ƙawancen da suke ciki.

Ƙawancen manya guda uku ne. Star Alliance, wanda kamfanoni biyar suka kafa a 1997, shi ya fi ƙarfi a Afirka: EgyptAir da Turkish Airlines sun shige shi a 2008, Ethiopian Airlines a 2011, ga kuma Lufthansa da United da South African Airways. Na biyu shi ne oneworld na 1999, mai British Airways da Qatar Airways, wanda ya shiga a 2013, da Royal Air Maroc, wanda ya shiga a 2020. Na uku SkyTeam na 2000, inda ake samun Air France da KLM da Delta da Kenya Airways da Saudia, sai Virgin Atlantic da ya shigo a 2023.

Amfanin sanin wannan babba ne, domin ba dole ba ne mutum ya buɗe asusu a kowane kamfanin da ya hau. Wanda ya hau EgyptAir yana iya ba da lambarsa ta ShebaMiles, shirin Ethiopian, a zuba masa makin can. Wanda ya hau Saudia yana iya ba da ta Flying Blue, shirin Air France da KLM. Lamba ɗaya ake sawa a kowace tafiya, kuma makin da aka warwatsa a asusu huɗu ba ya haɗuwa ya sayi komai. Asusu ɗaya a kowane ƙawance ya isa, mafi yawan mutane ma ɗaya ne kawai zai yi musu aiki sosai.

Ga mai tashi daga Kano, Star Alliance ne ya fi kusa da hannu, tunda Ethiopian da EgyptAir duk suna sauka can. Qatar Airways ya fara zuwa Kano a watan Maris na 2022, Saudia kuwa ya daɗe yana jigila tsakanin Kano da Jidda. Mai tashi daga Abuja ko Legas zaɓinsa ya fi yawa, ga Turkish da Lufthansa da British Airways da Air France. A Yamai akwai Ethiopian da Turkish da Royal Air Maroc.

Wasu kamfanonin ba sa cikin ƙawancen uku. Emirates da shirinsa Skywards yana cikinsu, haka Etihad da RwandAir da Air Peace, wanda ya fara zuwa Landan daga Legas a ƙarshen Maris na 2024. Makinsu yana da amfani, sai dai wuraren kashe shi ba su da faɗi, kuma idan hanya ta rufe, mai asusu ya shiga tsaka mai wuya. Emirates ya daina zuwa Najeriya a ƙarshen Oktoban 2022 saboda kuɗinsa da suka maƙale a ƙasar, bai dawo Legas ba sai 1 ga Oktoba, 2024. Shekara biyu ke nan wa'adin makin mutane yana tafiya, jirgin da za su hau babu. Air France ma ya dakatar da zuwa Yamai a Agustan 2023 bayan juyin mulki. Ƙawancen kansa yana sauyawa: China Southern, wanda cibiyarsa take Guangzhou, ya fita daga SkyTeam a 2019.

Harafin da ke jikin tikiti

A nan ne masu tikitin ikonomi suka fi cutuwa ba tare da sun sani ba. Ajin ikonomi a ido ɗaya ne, amma a kwamfutar kamfani an kasa shi gida-gida, fiye da goma, kowanne da harafinsa da farashinsa. Y shi ne cikakken farashi kusan a ko'ina, B da M sukan biyo baya, sai a yi ta sauka zuwa haruffan rangwame, waɗanda suka bambanta daga kamfani zuwa kamfani. Harafin yana rubuce a takardar tikiti, a gefen lambar jirgi. Kowane shiri yana da jadawali a shafinsa da ke nuna kason da zai ba kowane harafi na kowane kamfanin da yake ƙawance da shi: kashi 100 na nisan tafiya, ko 75, ko 50, ko 25, ko sifili.

Abin lura shi ne harafi ɗaya na kamfani ɗaya yana iya samun kashi 50 a wannan shiri, ya samu 25 a wancan, wani ma ya hana shi gaba ɗaya. Saboda haka tambayar da ta fi kowace muhimmanci ga ɗan kasuwar da ya saba sayen tikiti mafi araha ita ce: harafin da na saba samu, wane shiri ne ya fi biyan sa? Ya ɗauko tsofaffin tikitocinsa uku, ya ga harafin da ya fi fitowa, ya buɗe jadawalin shirye-shirye biyu ko uku na ƙawancen, ya gwada. Aikin rabin sa'a ne, yana kuma iya ninka abin da mutum zai tara a shekara.

Kafin a biya kuɗi ya kamata a tambayi ejan harafin. Ejan da ya san aikinsa yana gani a allonsa, zai kuma iya faɗin bambancin kuɗi tsakanin wannan harafi da na samansa. Wani lokaci ratar 'yar kaɗan ce, kuma harafin sama yana zuwa da sauƙin canza rana, wanda ga mai jiran kwantena ko mai jinyar mara lafiya ya fi makin kansa daraja. Idan ratar ta yi yawa, a bar shi.

Wasu shirye-shiryen kuma sun daina duba nisa, kuɗi suke dubawa. Delta da United sun koma haka a 2015, American a 2016, Flying Blue a 2018. A Flying Blue, ƙaramin mamba yana samun maki 4 a kan kowace yuro ta kuɗin tikitin Air France ko KLM, ban da harajin gwamnati. A ce kuɗin da ake lissafawa yuro 600 ne daga Legas zuwa Paris da dawowa, makin ya zama 2,400, alhali nisan ya kusa mil 5,800. Shirin da ke ba da kashi 100 na nisa ya fi wannan nesa ba kusa ba, amma wanda ke ba da kashi 25 bai kai shi ba. Ga mai doguwar tafiya da tikiti mai rahusa, lissafin nisa ya fi alheri muddin harafinsa bai faɗa cikin na ƙasan jadawali ba. Ga wanda ma'aikata ke saya wa tikiti mai tsada a ƙurarren lokaci, lissafin kuɗi ya fi.

Akwai tarko biyu. Na ɗaya, tikitin da ke ɗauke da lambar wani kamfani amma jirgin wani ne ke ɗaukar fasinja. A Star Alliance galibi kamfanin da jirginsa ya tashi ake dubawa, a oneworld kuwa wanda lambarsa take kan tikiti. Idan jirgin da ya ɗauki mutum ba ɗan ƙawancen ba ne, yana iya tashi a tutar babu. Na biyu, tikitin rukuni da jiragen shata. Masu shirya Umara sukan sayi kujeru a dunƙule a farashi na musamman, irin wannan kuwa sau da yawa makinsa kaɗan ne ko babu. Jiragen shata na aikin Hajji ma ba a sa musu rai.

Matsayi da kaya

Asusu yana ƙirga abu biyu, mutane da yawa suna cakuɗa su. Akwai makin kashewa, wanda ake sayen tikiti da shi. Akwai kuma makin matsayi, wanda ba a kashe shi, aikinsa kawai ya ɗaga mamba daga farin shiga zuwa azurfa, daga azurfa zuwa zinariya, kuma yana komawa sifili idan shekarar lissafi ta cika. Ga mai hawa ikonomi da yawa, matsayin ya fi tikitin kyauta amfani, dalili kuwa kaya ne.

Mai katin zinariya na Star Alliance yana da ƙarin jaka ɗaya, ko kilo 20 a hanyoyin da ake lissafi da nauyi, a yawancin tikitocin kamfanonin ƙawancen. Yana bin layin manya wurin awon kaya, yana shiga jirgi da wuri, jakarsa tana cikin na farkon fitowa, kuma yana shiga ɗakin hutawa da baƙo ɗaya ko da tikitinsa na kujerar ƙarshe ne. Wanda ya taɓa yin awa shida a filin Bole na Addis ko na Alkahira yana jiran jirgin gaba ya san darajar wurin zama da abinci da wurin cajin waya. Ɗan kasuwar da ke dawowa da kayan waya ko yadi zai iya lissafawa da kansa: kuɗin ƙarin jaka mai kilo 23 a doguwar hanya sau yawan tafiyarsa a shekara. Sau da yawa adadin ya zarce darajar duk makin da ya tara.

Azurfar Star Alliance kuwa kusan suna ce kawai a wajen kamfanin da ya ba da ita, fifiko a jerin masu jiran kujera ne abin da take kawowa. A nan SkyTeam ya yi zarra, domin matakinsa na farko ma yana ba da ƙarin kaya a jiragen ƙawancen. Mai azurfar Flying Blue, wadda ake samu da makin matsayi 100 da suke kira XP, yana da ƙarin jaka. Qatar Airways yana ba da azurfa a kan Qpoints 150 cikin wata 12, zinariya a kan 300, kuma azurfarsa tana zuwa da ƙarin kaya a jiragensa.

Sai a duba tsayin tsanin. A shirin Miles&Smiles na Turkish, matakin Elite, wanda ya yi daidai da zinariyar Star Alliance, yana buƙatar makin matsayi 40,000 cikin wata 12, katin kuma yana aiki shekara biyu. A koma ga hanyar Kano zuwa Guangzhou mai mil 14,000: idan harafin yana ba da kashi 100, tafiya uku ta kai mutum. Idan kashi 50 ne, sai shida. Idan 25 ne, sai goma sha biyu, wato kowane wata, abin da 'yan kaɗan ne za su iya. Emirates yana neman 25,000 don azurfa da 50,000 don zinariya. British Airways kuwa ya sauya tsarinsa a Afrilun 2025 ya koma lissafin kuɗi: azurfarsa tana neman maki 7,500, kusan fam ɗaya a kan kowane maki, ban da haraji. Mai zuwa Landan sau biyu a shekara a ikonomi ba zai ko hango ta ba.

Wanda lissafi ya nuna masa ba zai kai matsayi ba ya hutar da kansa. Ya sayi tikiti mafi araha a lokacin da ya fi masa daɗi, ya sa lambarsa, ya mai da hankali kan abu na gaba.

Wa'adi, iyali, da kashewa

Ga mai tafiya sau ɗaya ko biyu a shekara, ranar mutuwar maki ta fi yawansa muhimmanci. Shirye-shiryen sun kasu uku. Akwai masu wa'adi tsayayye: makin Emirates da na Turkish shekara uku yake yi, ko mutum ya ci gaba da tafiya ko bai ci gaba ba, tsohon yana faɗuwa idan lokacinsa ya yi. Akwai masu sabuntawa: makin Avios na British Airways da na Qatar yana nan muddin ba a yi wata 36 ba tare da an zuba ko an cire wani abu ba, Flying Blue kuma wata 24 ne, tafiya a jirgin da ke ba da makinsa tana sabunta wa'adin. Sai waɗanda makinsu ba ya mutuwa: Delta, da United tun 2019, da Virgin Atlantic.

A ɗauki mai zuwa Umara sau ɗaya a shekara. Kano zuwa Jidda kimanin mil 2,100 ne kai tsaye, 4,200 zuwa da dawowa. A kashi 50, maki 2,100 ke nan a shekara. A shiri mai wa'adin shekara uku, ba zai taɓa riƙe fiye da dubu shida da 'yan kai a lokaci ɗaya ba, yana zubawa ta sama tana tsiyaya ta ƙasa. Irin wannan mutum ya fi dacewa da shirin da makinsa ba ya mutuwa. Babu abin da ya hana mazaunin Katsina buɗe asusun United kyauta, ya riƙa zuba makin Ethiopian da EgyptAir a ciki, in dai ya duba jadawali ya ga harafinsa yana samun wani abu.

Hanyar da ta fi wannan sauri ita ce asusun iyali, abin da ya dace da gidajen da ke tafiya mutum biyar ko shida a tare. Maki na wanda ya zauna a kujera ne, ba na wanda ya biya ba, don haka maigidan da ya saya wa iyalinsa tikiti shida nasa kaɗai za a zuba masa, sai fa idan an haɗa asusun. Emirates yana haɗa mutum takwas a tsarinsa na My Family. Flying Blue yana karɓar manya biyu da yara shida. British Airways yana haɗa mutum bakwai. Gida mai mutum shida ya tara a tafiya ɗaya abin da mutum ɗaya zai shekara shida yana tarawa. Ɗalibai kuma su nemi tsarinsu na musamman, kamar Student Club na Qatar Airways, mai ba da rangwame da ƙarin kaya tun daga tikitin farko ba tare da jiran wani matsayi ba.

Wurin kashewa ne ake gane tikitin kyauta ba kyauta ba ne ɗungurungum. Maki yana biyan asalin kuɗin kujera, amma harajin gwamnati da kuɗin filin jirgi suna kan fasinja, wasu kamfanonin kuma suna ɗora nasu ƙarin da ake kira kuɗin mai. British Airways da Lufthansa da Emirates an san su da wannan ƙari, kuma tashi daga Ingila yana da harajin fasinja mai nauyi a doguwar hanya. A ikonomi, waɗannan kuɗaɗe suna iya cinye kaso mai tsoka na farashin tikitin. Lissafin da ya kamata a yi kullum shi ne a cire abin da za a biya a tikitin maki daga farashin tikitin kuɗi, a raba saura da yawan makin. A ce tikiti dala 900 ne, na maki kuma yana neman 60,000 da dala 400. Abin da makin ya saya dala 500 ne, bai kai santi ɗaya ba ga kowane maki. Idan wani shirin yana neman makin daidai haka da dala 150 kacal, ya fi wancan da rabi, ko da sun yi kunnen doki wurin tarawa.

Kujerun maki kuma ƙididdigaggu ne. A goman ƙarshe na azumi a hanyar Jidda, ko a watan Disamba a hanyar Landan, da wuya a same su sai an nema watanni kafin lokaci. Maki ya fi aiki a gajerun hanyoyi masu tsada, irin tafiya tsakanin biranen Afirka, inda tikitin awa biyu ko uku ke kai kuɗin zuwa Turai. Masu Avios suna da wata dama: tun da Qatar ya rungumi Avios a Maris na 2022, ana iya kwashe maki tsakanin asusunsa da na British Airways ɗaya bisa ɗaya ba tare da biyan komai ba, a saya a inda ya fi sauƙi.

Ajiye maki shekara da shekaru ba dabara ba ce, domin kamfani ne ke yanke farashi, kuma yana ɗaga shi lokacin da ya ga dama. Turkish ya ƙara yawan makin da ake buƙata a hanyoyi da dama a Fabrairun 2024. Idan kamfani ya durƙushe kuwa, abin ya fi muni: da Air Berlin ya faɗi a 2017, shirinsa na topbonus ya bi shi, mambobi suka rasa inda za su kai makinsu. Da zarar adadin ya isa sayen tafiyar da mutum dama zai yi, ya kashe.

Buɗe asusu kyauta ne, a shafin kamfani ko manhajarsa, kuma a nan ne ƙaramin sakaci ke jawo babbar asara. Sunan da ke asusun dole ya yi daidai da na fasfo harafi da harafi, a jere iri ɗaya. Muhammad da Mohammed da Muhammadu mutum uku ne a wurin kwamfuta, haka Abdullahi da Abdallah, kuma wanda aka juya masa sunan mahaifi ya zama sunan farko a tikiti zai ga makin bai shiga ba. Matar da ta sabunta fasfo da sunan miji ta aika wa shirin kwafinsa a gyara kafin tafiya ta gaba.

Imel da lambar wayar da za a yi rajista da su su kasance na matafiyin kansa. Idan ejan ne ya buɗe asusun da nasa imel, makullin yana hannunsa, kuma asusun maki ana sace shi kamar yadda ake sace na banki. A ba da lambar tun wurin yankar tikiti, a sake tabbatarwa wurin awon kaya, a duba ko ta fito a jikin katin shiga jirgi. Katin nan kada a yar da shi sai makin ya bayyana. Idan mako biyu ya wuce shiru, akwai fom na neman makin da bai shiga ba, inda ake cika lambar tikiti mai alƙaluma 13 da ranar tafiya da lambar jirgi. Yawancin shirye-shirye suna karɓar irin wannan nema har wata shida, wasu har shekara, wasu ma suna amsar tafiyar da aka yi 'yan watanni kafin buɗe asusu, don haka sabon mamba ya binciko tikitinsa na baya-bayan nan.

Saura masu tallan tikiti mai rahusar ban mamaki da suka yanka da makin wani. Ka'idojin shirye-shiryen sun haramta sayar da maki, kuma kamfani yana da ikon soke tikitin da rufe asusun da aka ciro shi ba tare da mayar da ko kobo ba. Fasinjan yakan ji labarin ne a gaban teburin awon kaya, sai ya sayi sabon tikiti a farashin ranar. Yankar wa mahaifiya ko ƙani tikiti da makin mutum na kansa kuwa yawancin shirye-shirye sun yarda da shi, wasu sai an fara rubuta sunan mai amfanar a cikin asusun.